Ƙafar Agwagwa

Shafi na 9

Masu cika mani waya da saƙo wai na gudu na bar ku da Hamida cikin makoki, na ji, na gode. Ba guduwa na yi ba, sabis ne ya ɗauke a unguwarmu. Yanzu haka a kan katangar maƙwabta nake, waya a sama kamar mai kiran tantabara. Wanda ya ga na yi jinkiri ya zo ya riƙe mani.

*

Tun da aka yi sadakar arba'in ɗin Suwaibatu, Hamida ba ta sake taka gidan biki ba. Ƙanwarta ce ciki ɗaya. 'Yan bindiga suka ɗauke ta a gonar gero can Tafoki daminar bara, Mas'udu mijin Hamida shi ya shiga daji neman a sako ta, ya dawo da mayafinta a hannu ya ce zazzaɓi ya kashe ta, har kabarin an nuna masa.

Yau dai Amatullah maƙwabciyarta ta ci ƙarfinta.

"Wallahi sai kin je. Kamun ƙanwata guda, katanga ɗaya tsakaninmu, ki ce mani ba ki zuwa?"

"Amatu, raina ba shi so."

"Ran naki sai yaushe za shi so? Goya yaron nan mu tahi."

Haka ta goya Uwais ta bi ta. Ta samu gefen rumfa ta zauna, ana ta guɗa ana liƙi, ita ko idonta na kan tabarma. La'asar ta yi sanyi, mai sa kiɗa ya canza waƙa.

Jama'a, sai ga wani kiɗa.

Ba kalangu ba ne, ba ganga ba. Wani dum-dum ne mai kauri da ke shiga ƙirji kafin ya isa kunne, da wani siririn sauti yana yawo a samansa kamar fito. 'Yan mata suka kwasa da ihu suka cika fili.

"'Yan Sola! 'Yan Sola!"

Hamida ta ɗago kai.

"Su wa ke nan kuma?"

"Ke kam kina cikin rami," in ji Amatullah. "Yaran nan garin ne, nan Kankara. Lawwali mai cajin waya na bayan tasha, da Blessing ɗiyar Ishaya mai walda. Da kwamfuta suke haɗa abinsu, ko makaɗi guda babu. Daga nan har Faskari har Sabuwa ba abin da ake sawa sai su."

"Kai! Lawwalin da na sani?"

"Shi hwa. Ke dai saurara."

Gaskiya kiɗan ya yi daɗi, ba zan ɓoye maku ba. Hamida ba ta san lokacin da ƙafarta ta fara buga ƙasa ba. Uwais na bayanta yana zillo yana dariya, ita ma sai ga murmushi, na farko tun rasuwar. Amatullah ta gani ta cafke hannunta.

"Tashi! Ai ma taki ce, har sunanki a ciki. Jira ki ji amshin."

Ta ja ta tsakar fili. Daidai nan injin ya yi ƙasa da murya, dum-dum ɗin ya ɗauke, aka bar wani sauti shi kaɗai.

Lugude ne. Turmi da taɓarya.

Dim. Taf-taf. Dim.

Murmushin Hamida ya tsaya a inda yake.

Duk matan Tafoki in sun cilla taɓarya sama, tafi ɗaya suke yi su cafe. Mutum ɗaya ce ke yin biyu, ta kuma cafe da hagu, don bahaguwa ce. Inna ta yi faɗan har ta gaji, wai wata rana sai taɓarya ta fasa mata kai.

Sai murya ta shigo. Inji ya sirantar da ita, ya sa mata rawa-rawa, amma ina! Ko cikin rijiya aka jefa muryar nan Hamida ta san ta.

*Hamida ƙafar agwagwa,*
*Kin ƙi daka kin ci tuwo.*
*Hamida ƙafar agwagwa,*
*Goyo Uwaisu ki zo mu daka.*

'Yan mata suka buɗe ƙafafu suna tafiyar agwagwa, suna nuna ta suna shewa.

"Ga Hamidar nan! Ga Uwais ɗin a baya! Wallahi kamar don ke aka yi!"

Ita ko jikinta rawa yake, ba irin tasu ba. Waƙar tsokana ce da Suwaibatu ta ƙago tun suna yara, saboda yadda Hamida ke watsa ƙafa in tana tafiya. Ba a taɓa yin ta a waje ba, daga bakin turmin gidansu sai bakin turmin gidansu.

Ta damƙi hannun Amatullah ta ja ta bayan rumfa.

"Lafiya? Kin ga fuskarki kuwa?"

"Suwaiba ce."

"Wace Suwaiba?"

"Tawa. Muryarta ce, lugudenta ne."

"Innalillahi. Hamida, ki yi salati. Wanda ya mutu ya mutu, murya ai tana kama da murya."

"Wa ya san ana ce mani ƙafar agwagwa? Ke da muke katanga ɗaya kin sani?"

Amatullah ta girgiza kai.

Hamida ta kwance goyo ta miƙa mata yaron.

"Riƙe mani shi. Bayan tasha kika ce?"

"Ki bari a watse in raka ki."

"Ba ni iyawa."

Ta fita ko takalmi ba ta saka daidai ba. Tsoro ne fal cikinta, da wani farin ciki da take jin tsoron taɓawa. Abin da ya zo mata kawai shi ne mutanen daji sun yaudari mijinta, sun nuna masa kabarin wata. Bawan Allah, ya sha wuya a banza, ya kwana biyu ba ya cin abinci bayan ya dawo. Ai shi ya fi cancanta ya fara ji.

Ta ciro waya ta kira shi.

"Malam! Malam, tana da rai!"

"Wa?"

"Suwaiba! Na ji muryarta a waƙar yaran nan 'Yan Sola. Ƙarya suka yi maka, wallahi ba kabarinta ba ne!"

Shiru. Har ta duba wayar ko sabis ne ya ɗauke.

"Malam, kana ji na?"

"Kina ina?"

"Ga ni zan shiga bayan tasha, shagon Lawwali mai caji."

"Wa kika faɗa ma?"

"Amatu kaɗai."

"Yaron hwa?"

"Shina wajenta, gidan biki."

"To. Ba komi, ba komi. Kar ki ƙara faɗa ma kowa. Jira ni nan."

Haka yake cewa kullum in abu ya taso, ba komi sau biyu. Sai ta ji hankalinta ya ɗan kwanta, ta ce ko ba komai tana da namiji a bayanta.

Shagon ɗan kwano ne, faifan sola a kan rufi, wayoyin mutane jere a kan katako kowace da igiyarta. Can ciki akwai labule. Ta ɗaga ta shiga ba sallama.

Ɗan ɗaki ne an manne bangonsa da kwalin ƙwai. Lawwali na zaune gaban kwamfuta da abin ji a kunne, Blessing na kan benci tana cin gyaɗa. Ya ga mace tsaye a kansa, ya washe baki.

"Sannu Malama. Waƙar za a tura maki? Kawo memori."

"Wa ta rera amshin?"

"Na'am?"

"Ƙafar agwagwa. Muryar wa ce?"

Ya saci kallon Blessing.

"Ga ta nan zaune. Ita ce mawaƙiyarmu."

Hamida ta juya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke kika yi luguden?"

"E... ni ce."

"Da wane hannu kike cafe taɓarya?"

Blessing ta dubi hannayenta, ta dubi Lawwali, ta aje ledar gyaɗar.

"Lawwali, na faɗa maka abin nan sai ya dawo mana. Yaya, ba ni ba ce. Baitocin nawa ne, amshin ba nawa ba ne."

"To ni ce Hamida," ta ce. "Ni ce ƙafar agwagwar. Mai waƙar ƙanwata ce, an ce mana ta mutu a hannun mutanen daji, mun yi zaman makoki, mun raba gumba. Don girman Allah ina kuka same ta?"

Lawwali ya zare abin kunnen a hankali. Zufa ta tsatso masa a goshi.

"Wallahi tallahi ban taɓa ganinta ba."

"To aljani ya kawo maka?"

"Memori ne. Malama, ki fahimce ni. In mutum ya kawo a zuba mashi waƙoƙi, sai in kwashe abin da ke ciki in aje a kwamfuta, kar ya ɓace a ce ni na goge. In na samu sarari sai in bi ina saurare, ina neman sauti. Kukan zakara, injin niƙa, kiran mai kifi, da irinsu nake gina kiɗa. Ran nan na ci karo da luguden nan. Ban taɓa jin daka mai daɗinsa ba, na ce wannan ai asara ce a bar shi."

"Memorin wa?"

"Mutane nawa ke shigowa nan a wuni? Ban riƙe ba."

"Faɗa mata abin da ka yanke," in ji Blessing.

"Blessing!"

"Faɗa mata! Ko ni in faɗa."

Ya share goshi da gefen riga.

"Akwai ƙarar mashina a baya, da yawa. Da wani ƙas-ƙas na ƙarfe, irin in ana gyara bindiga. Na ce ma raina ƙila 'yan sa-kai ne ke wucewa. Na goge wajen na bar dakan."

"Ka ce ma ranka," Blessing ta yi tsaki. "To jiya hwa? Su ma 'yan sa-kai ne?"

Hamida ta dafa bango.

"Mi ya faru jiya?"

Blessing ta leƙa ta gefen labule, ta dawo ta rage murya.

"Wasu mutum biyu suka zo da azahar, rawani ya rufe masu baki. Suka ce a sa masu waƙar. Aka sa. Ɗayan ya yi ta dariya, ya ce ma ɗan'uwansa, ashe mai dakanmu ta zama tauraruwa."

"Mai dakanmu," Hamida ta maimaita. "Ya ce ta zama? Bai ce marigayiya ba?"

"Bai ce ba."

"Alhamdulillahi. Allah na gode maka."

"Tsaya, Yaya, ban gama ba. Ɗayan bai yi dariya ba. Ya ce wa ya fito da muryar daga daji, don an hana ɗaukar komi a can. Lawwali ya rantse bai sani ba. Ya ce to mu tuno, za su dawo. Ni tun jiya ban runtsa ba. Babana ya ce in tattara in tahi Funtuwa wajen gwaggona."

Lawwali ya dafe kai da hannu biyu.

"Mu da muke murna waƙa ta karɓu. Yanzu ko na goge ta a nan, tana wayar kowa. Ya zan yi da ta cikin motocin haya? Ya zan yi da ta gidajen biki?"

Can waje wani mai shayi ya kunna ta, dum-dum ɗin na ratsa kwanon shagon.

Blessing ta tsura wa Hamida ido.

"Yaya, in tambaye ki. Uwais ɗin da ta ambata, wa ke nan?"

Hamida ta kau da kai. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa.

"Yaron wajena ne."

"Ta san shi?"

"Ina hwa. Da cikinsa nake aka ɗauke ta. Sai bayan arba'in ɗinta na..."

Sai ta tsaya tana lissafi.

Bayan arba'in ta haihu. Bayan arba'in aka raɗa suna. Ba tsohon ɗauka ba ne da aka tsinta a wayar da aka sace, sabo ne. Wani ya tashi daga gidan suna, ya ci tuwon suna, ya shiga daji ya faɗa wa Suwaibatu abin da aka sa wa yaron.

Ta juya wajen Lawwali.

"Sa mani," ta ce. "Ba taku ba. Yadda ka same ta, ba yanki."

"Malama, da kin haƙura..."

"Sa mani!"

Ya danna.

Ba kiɗa, ba inji. Iska ce kawai, da kukan shanu can nesa, da mashina. Sai turmi. Dim, taf-taf, dim. Muryar Suwaibatu tsirara, ta dushe, tana waƙar tana haki. Ta kai ƙarshen amshin ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari.

Hamida ta toshe baki da mayafi, hawaye na bin yatsunta.

Dakan ya tsaya.

"Ya ɗauka?" in ji muryar. "Yaya Mas'udu, ya ɗauka kuwa? To ka sa ma Yaya Hamida ta ji, in ta ji wagga ta san ni ce. Ka ce ma Inna ta bar kuka, ina nan. Amma kai ma hwa, wancan zuwan ka ce wannan karon da ni za ka koma."

Sai muryar namiji, kusa da wayar sosai.

"Ba komi, ba komi. Sai wani zuwan. Ci gaba da dakanki."

Ƙit. Ya ƙare.

Wayyo Hamida. Duk fataucin masarar da yake cewa yana zuwa Damari, ya kwana biyu ya dawo ba buhu ko ɗaya, ya ce kasuwa ta yi tsada. Sabon mashin ɗin da ya ce wani ubangidansa ya ba shi. Mayafin da ya kawo, wanda Inna ke kwana da shi a ƙarƙashin matashi har yau. Duk suka taso mata lokaci guda, ta zame ta zauna a ƙasa.

"Malama, kin san shi?" in ji Lawwali. "Wane ne Mas'udun? Mas'udu ai da yawa a garin nan. In kin san shi ki faɗa, mu san inda za mu kai maganar."

Ta buɗe baki. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a bayan idonsa. Yau ma da take son ta faɗe shi da ƙarfi, harshen ya ƙi. Ta sunkuyar da kai kawai, yadda ta saba yi in an ambace shi a gabanta.

Blessing a Kankara aka haife ta, ta san wannan sunkuyon. Ta dafe ƙirji.

"Yesu! Lawwali, mijinta ne."

"Miji... Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Ya san kin ji waƙar?"

Hamida ta ɗaga kai da ƙyar.

"Na kira shi a hanya."

"Kin ce mashi mi?"

"Na ce tana da rai. Na ce ina nan shagon. Ya ce in jira shi."

Lawwali ya miƙe har kujera ta kife.

"Kin kashe mu! Wallahi kin kashe mu! Mutanen can na neman wanda ya fito da muryar, shi ko ya san shi ne. Kina ganin zai bari mu buɗe baki?"

"Yi mata shiru, ita ta sani ne?" Blessing ta daka masa tsawa. "Kwafe shi a memori, yi sauri. In ya fasa kwamfutar shi ke nan, ba mu da shaida."

Ya soka wani ɗan memori, ya kwafa, ya zare. Blessing ta fizge, ta durƙusa gaban Hamida ta cusa shi cikin ƙullin ɗankwalinta ta ƙara tamkewa.

"Tashi, Yaya. Kar ki koma gida. Ɗauki yaronki ki wuce wajen Innarku, ko wajen mai unguwa, ko ina dai ban da ɗakinsa. Tashi mana!"

Yaronta.

Sai yanzu tambayar ta dawo mata. Yaron hwa? Ita da bakinta ta faɗa masa inda yake.

Ta yunƙura ta miƙe, ta nufi labule. Shagon ƙofa ɗaya gare shi.

Ƙarar mashin ta tsaya daidai bakin ƙofar. Ta san ƙarar, kullum ita ke sa ta tashi ta ɗora ruwan wanka. Aka kashe injin. Takun takalmi a kan tsakuwa, ba sauri, ba gaggawa.

"Salamu alaikum."

Blessing ta ja Hamida baya daga labulen.

Labulen ya ɗaga. Mas'udu ne, da farar rigarsa ta zuwa kasuwa, fuskar nan a sake kamar ya zo karɓar caji. Uwais na kafaɗarsa yana tsotsar yatsa, da ɗan zanen goyon a rataye.

"Na biya gidan bikin na ɗauko shi," ya ce. "Amatullah ta ce kin fita hankali tashe."

Yaron ya ga uwarsa ya miƙo hannu yana zillo. Hamida ta miƙa nata biyun.

"Malam, kawo shi. Yunwa yake ji."

Mas'udu ya ja baya taku ɗaya, ya mayar da yaron ɗaya kafaɗar, inda hannunta ba zai kai ba. Ya dubi jajayen idanunta, ya dubi kujerar da ta kife, ya dubi kwamfutar. Sannan ya sa ƙafa ya turo ƙofar kwanon ta rufe a bayansa.

"Ba komi, ba komi. Bar shi nan wajena."

Ya shafa kan yaron a hankali.

"Lawwali, maido mana ita daga farko. Ina son in ji inda kuka tsaya."